Ja-in-jar da ke kwance cikin ƙarfen zubi, da yadda awon niyutiron ke ruɗin masu auna ta

Akwai wani dattijo mai zubin tukwanen dalma a nan Garwa da nakan tsaya wajensa idan na taso daga makarantar da nake koyar da aikin injuna. Dalma muke cewa a kasuwa, amma alminiyum ne. Yara su kawo masa gwangwanayen lemo da tsofaffin fistin na mota da murfin injin babur da ya fashe, ya narke su a wutar gawayi, ya zuba a mazubin yashi mai ɗan danshi. Wata safiya da hunturu na tarar da shi yana jujjuya wata babbar tukunyar biki. Ta fito daga yashi lafiya lau, ta kwana, da gari ya waye yaronsa ya sa zarto zai yanke tsinin da ruwan ƙarfen ya bi ya shiga, sai aka ji ƙas, ta tsage daga gindin hannu har kusan tsakiya.

Na ce, "Baba, me ya same ta?"

Ya ce, "Malam, ai tun jiya take da ciwonta. Hannun ya yi kauri, jikin kuma ba kauri. Jikin ya riga shi hucewa, shi kuma yana ta ja. Zarton nan sanadi ne kawai."

Wannan ciwo da Baba ya faɗa injiniyoyi sun daɗe da saninsa. Idan ina yi wa ɗalibaina bayani nakan kira shi kwantacciyar ja-in-ja. Alminiyum yana narkewa a digiri 660, kuma bayan ya daskare, duk digiri ɗaya da ya sauka yana takurewa da kimanin kashi 23 cikin miliyan na tsawonsa. Ɓangaren da ba shi da kauri shi ke fara hucewa ya sandare. Mai kaurin yana nan da zafinsa, daga baya ya zo zai takure sai ya tarar maƙwabcinsa ya riƙe shi gam. Haka za su huce tare, mai kauri a miƙe kamar tsirkiya, marar kauri a matse kamar itacen baka. Ba mai ɗora musu kaya daga waje, kuma idan ka haɗa ja da matsin da ke cikin abin gaba ɗaya sifiri za ka samu. Sai dai ranar da aka ɗora wa abin nauyin aikinsa, a kan wancan tsohon ja ɗin nauyin zai hau. Shi ya sa gidan famfo ko kan injin mota zai tsage alhali lissafi ya nuna bai kai rabin abin da zai iya ɗauka ba, kuma shi ya sa a kan feƙe abu ya fito daidai, washegari a auna a tarar ya karkace. Tsofaffin masana'antun zubi na Turai har barin manyan zubin baƙin ƙarfe suke yi a fili wata da watanni, rana da sanyi su yi ta dukansu, kafin a kai su ga injin feƙewa. Yanzu gasa su ake yi a digiri 500 zuwa 600 a bar su su huce a hankali.

To yaya za a san yawan wannan ja-in-ja a can tsakiyar ƙarfe? Ana iya huda ɗan rami a ga yadda gefensa ya motsa, ko a yanka abin biyu a auna yadda fuskar yankan ta kumbura, amma ka ga an ɓata kayan. Hasken eksire na ɗakin gwaji ba ya wuce fatar ƙarfe, 'yan maikuron kaɗan yake shiga (maikuron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), bai kai kaurin gashin kai ba. Niyutiron, ɗan mitsitsin ɓurɓushi da ke cikin tsakiyar zarra (wato atom), wanda James Chadwick ya gano a 1932, ba shi da cajin lantarki, don haka yakan ratsa santimita da dama a baƙin ƙarfe, fiye da santimita 10 a alminiyum. Clifford Shull da Ernest Wollan suka fara amfani da shi wajen leƙa tsarin zarra a Oak Ridge ta Amurka bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Shull ya karɓi kyautar Nobel a kan haka a 1994, kuma daga farkon shekarun 1980 aka fara auna ja-in-jar cikin ƙarfe da shi.

Dabarar ba ta da wuyar fahimta. A cikin ƙarfe zarra a jere suke sahu-sahu, da tazara ƙayyadajjiya tsakanin sahu da sahu. Idan aka harba niyutiron masu tsawon zango ɗaya, wato masu gudu iri ɗaya, sahun nan zai karkatar da su zuwa wata kusurwa guda, wadda tazarar ce ke yanke ta. Ƙa'idar Bragg ke nan, ta wani uba da ɗansa masu wannan suna da suka fito da ita a Ingila a 1913. Inda ƙarfe yake a miƙe tazarar ta ƙaru, kusurwar ta ragu. Inda yake a matse akasin haka. Na'urar ƙirge tana tsaye a wajen digiri 90 tana tara niyutiron ɗin da suka iso, a allon kwamfuta sai su taru su yi tozo kamar na bijimi, a nemo tsakiyar tozon. Ana yin haka ta fuska uku a kowane gurbi, a haɗa da taurin ƙarfen, a fitar da ja ko matsi da ma'aunin megafaskal.

Sai mutum ya dubi ƙanƙantar abin da ake nema kafin ya ga inda gizo ke saƙar. Tazarar sahun da aka saba aunawa nanomita 0.122 ce a alminiyum, 0.117 a baƙin ƙarfe (nanomita kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita), kuma canjin da ake farauta bai wuce kashi ɗaya cikin 10,000 na wannan ba. Kamar a ce ka auna hanyar Garwa zuwa Marwa, kilomita 200 da 'yan kai, ka rantse ba ka yi kuskuren mita 20 ba. A kusurwa kuwa, gocewar kashi ɗaya cikin ɗari na digiri guda daidai take da miƙewar kimanin kashi 90 cikin miliyan. Na'urorin suna iya wannan. SALSA da ke cibiyar ILL a Girenobul ta Faransa, mai tebur mai ƙafa shida da ke juya kaya yadda ake so, da ENGIN-X na cibiyar ISIS kusa da Okisfod, da STRESS-SPEC a Garcin kusa da Munik, da KOWARI a Ostireliya, da MPISI da ke jikin injin nukiliya na SAFARI-1 a Felindaba ta Afirka ta Kudu, duk an gina su don wannan aiki. Idan ka ba su ƙarfen da aka murza ko aka ƙera, mai ƙananan ƙwayoyi, za su ba ka amsa mai kyau. Ƙarfen zubi ne ke kwance musu lissafi.

A ce an miƙo maka rahoto, an rubuta cewa a wuri kaza ja ya kai megafaskal 60, da yiwuwar kuskure 10 sama ko ƙasa. Wannan 10 ɗin, a mafi yawan rahotanni, abu ɗaya take faɗa: yadda kwamfuta ta iya gano tsakiyar tozon. Ta dogara ne ga yawan niyutiron da aka ƙirga. Ka ninka lokacin ƙirge sau huɗu, ta ragu da rabi. Lamba ce ta gaskiya, amma a kan tozon take magana, ba ta san komai game da ƙarfen da ya haifar da tozon ba. A nan ne nake ganin masu karanta irin waɗannan rahotanni ke faɗawa rami, har da wasu masu rubuta su.

Mu fara da ƙwayoyi, don su ne babbar matsalar zubi. Dunƙulen ƙarfe tarin ƙananan ƙwayoyi ne manne da juna, kowace da inda sahunta ya dosa, kamar gonakin da ke maƙwabtaka kowace da inda kunyoyinta suka nufa. Niyutiron ba ya jin duk ƙwayoyin. Wanda ya taɓa hawa dutsen Tingilin da hantsi ya hango Garwa zai gane abin da nake nufi: gidaje dubbai masu rufin kwano, amma 'yan kaɗan ne ke haske maka ido, waɗanda karkatarsu ta dace da rana da inda kake tsaye. Ka matsa taku goma, waɗannan su mutu, wasu su kama. A na'urar da ke aiki da tsawon zango ɗaya, ƙwayoyin da ke haskowa galibi ba su kai ɗaya cikin ɗari ba.

Yanzu mu yi lissafi. Gurbin awo, wato ɗan wurin da hasken niyutiron da ke shiga da wanda na'urar ƙirge ke gani suka haɗu, sau da yawa milimita 2 ne ta kowace fuska. Idan ƙwayar ƙarfen maikuron 20 ce, kamar yadda ake samu a ƙarfen da aka murza, gurbin zai ɗauki ƙwaya miliyan guda, masu haskowa su kai dubbai. Matsakaicinsu abin dogaro ne. Idan ƙwayar ta kai maikuron 200, abin da ba baƙo ba ne a zubi, saura 1,000, masu haskowa ka ƙirga su da yatsu. Idan ta kai rabin milimita, kamar a zubin yashi mai kauri da ya daɗe yana hucewa, gurbin gaba ɗaya ƙwaya 64 ne. Wani lokaci ɗaya ce za ta hasko, wani lokaci babu ko ɗaya, allon ya zauna fayau.

Ƙwaya ɗaya tana iya ba da tozo dogo mai kyan gani, kwamfuta ta gano tsakiyarsa tsaf, ta rubuta ɗan ƙaramin kuskure. Ruɗin ke nan. Na farko, kowace ƙwaya tana da tata ƙaramar ja-in-ja da maƙwabtanta, wadda ba ita injiniya ke nema ba. Na biyu, kuma wannan ya fi ban haushi, lissafin ya ɗauka hasken daga tsakiyar gurbi ya fito. Idan ƙwayar a gefe take zaune, kusurwar da na'urar ta gani ta goce ko da ƙarfen ba ya ɗauke da ja ko kaɗan. A ce na'urar ƙirge tana nesa da mita 1, ƙwayar kuma ta kauce daga tsakiya da milimita 1. Wannan kaɗai ya isa ya nuna miƙewar ƙarya ta kimanin kashi 500 cikin miliyan, ninki biyar na abin da ake ƙoƙarin ganewa. A alminiyum, mai tauri gigafaskal 70 (gigafaskal ɗaya megafaskal 1,000 ne), maganar megafaskal 35 ake yi a fuska ɗaya. Kuma ko kwana za ka yi kana ƙirge ba za ta ragu ba, don ƙwayar tana nan inda take. Alamarta a zane ita ce ɗigo-ɗigon sakamakon su riƙa tsalle sama da ƙasa kamar haƙoran zarto, alhali 'yan sandunan kuskuren da ke jikinsu gajeru ne. Na sha ganin ɗalibi ya zauna yana neman dalilin kowane tsalle a siffar kayan, yana cewa nan kusa da lungu ne, nan kusa da rami ne. Sau tari ba lungu ba ne, ƙwaya ce.

Akwai magani, amma kowanne da farashinsa. Ana rausaya kayan hagu da dama da 'yan digiri kaɗan yayin ƙirge don ƙarin ƙwayoyi su samu shiga. Ana zamar da shi gaba da baya ta fuskar da ake kyautata zaton ja-in-jar ba ta canzawa. Ana faɗaɗa gurbin, amma sai ka rasa ganin canjin da ke faruwa a ɗan taƙi, wanda sau da yawa shi ya kawo ka. Na'urori irin ENGIN-X, da ke harba niyutiron masu tsawon zango iri-iri su auna lokacin isowar kowanne, suna ganin sahu da yawa a lokaci guda, abin da ke rage matsalar ba tare da ya kashe ta ba. Hanya mafi gaskiya ta sanin girman wannan kuskure ita ce a sake auna gurbi ɗaya sau da dama, ana ɗan juya kayan kowane karo, a ga yadda amsoshin suka watsu. Tana cin lokaci, lokacin na'ura kuwa nema ake yi da takarda watanni kafin a ba mutum 'yan kwanaki. Abin da ya sa ake yawan tsallake ta ke nan.

Ga kuma wani ƙari: a jikin bangon mazubi ƙwayoyin sukan tsiro dogaye su nufi ciki, duk ta fuska ɗaya, suna bin hanyar da zafi ke fita. A irin wannan wuri wata fuskar za ta ba ka haske mai yawa, wata ta hana ka ɗungum, alhali fuska uku kake buƙata.

Matsala ta biyu ta fi ta farko ɓuya, don ba ta sa ɗigo tsalle. Niyutiron tazara yake aunawa, ba miƙewa ba. Kafin ka ce ƙarfe ya miƙe sai ka san tazararsa ta asali, wadda yake da ita in ba abin da ke jansa. Mudun awo ke nan. Duk wanda ya sayi gero a kasuwannin da ke tsakanin Kusuri da Injamena ya san koro ba ɗaya ba ne, kowane mai awo da nasa, kuma idan koron ya yi ƙanƙanta duk buhunan da ka auna da shi sun tafi da kuskure iri ɗaya, ba wanda zai tona asirin wani. Haka tazarar asali take. Kuskurenta yana shiga fuska ukun a tare, lissafin kuma ya ninka shi. Kuskuren kashi 100 cikin miliyan a tazarar asali yana ɗaga ko sauke dukkan sakamakon da kimanin megafaskal 20 a alminiyum, da fiye da 50 a baƙin ƙarfe. Zanen zai fito sumul, siffarsa daidai, amma gaba ɗayansa yana zaune a inda ba wurinsa ba. Wurin da ke cikin matsi, wanda alheri ne ga kayan don yana hana tsaga buɗewa, zai iya fitowa a takarda a matsayin ja.

Me ya sa ba za a duba littafi a ɗauko lambar ba? Saboda tazarar tana bin abin da ya narke a cikin ƙarfen. Maganiziyam yana buɗa sahun alminiyum, jan ƙarfe da silikon suna tsuke shi. Ƙarfen zubi kuma ba ya gauraya daidai-wa-daida. Lokacin daskarewa, abin da ya fara sandarewa yana tura sinadaran gaba zuwa ruwan da ya rage, don haka tsakiyar ƙwaya da gefenta sun bambanta, wuri mai kauri da marar kauri sun bambanta, kusa da bakin zubi da nesa da shi sun bambanta. Ɗauki gaurayen A356 da ake zuba gare-garen ƙafar mota da kan inji da shi, mai silikon kashi 7 cikin ɗari da maganiziyam kimanin 0.3. Ana gasa shi a wajen digiri 540, a tsoma a ruwa, a sake ɗumama shi a ƙasa da digiri 200 na 'yan awoyi don ya yi ƙarfi. Tsomawar nan ita ce ke haifar da ja-in-ja mafi muni, kuma ɗumamawar da ke biye tana fitar da sinadaran daga cikin sahun su taru gefe, tazarar asali ta sake canzawa. Wanda ya auna kayan kafin gashi da bayan gashi da mudu ɗaya, ya ce ga yawan ja-in-jar da gashin ya sauke, ya haɗa abu biyu ya ba ɗaya lada.

Abin da masu kula suke yi shi ne su samo tagwayen kayan, wanda aka zuba tare, su yanko ƙananan gutsattsari daga daidai wuraren da za a auna, ko su tsaga shi haƙori-haƙori kamar mataji, da injin yanka mai waya da tartsatsin lantarki wanda ba ya murɗe ƙarfe. Yanka yana sakin babbar ja-in-jar, sinadaran kuma suna nan yadda suke. Sai dai ka ga an komo gidan jiya: gutsuren ƙarami ne, ƙwayoyin cikinsa kaɗan ne, don haka mudun kansa yana fama da ciwon da muka gama faɗa. Kuma tagwaye a zubi ba sa zama ɗaya sak.

Zafin ɗaki ma yana da hannu. Idan an auna gutsuren da safe, kayan kuma da rana, aka samu bambancin digiri 5, alminiyum ya motsa da kashi 115 cikin miliyan, fiye da megafaskal 20 ke nan na ƙarya. Mu da muke ganin digiri 40 da ɗoriya a watan Maris da Afrilu, da sanyin asuba na hunturu, ba sai an yi mana dogon bayani ba. Cibiyoyin suna daidaita zafin ɗakunansu, amma kayan da aka shigo da shi daga waje yana buƙatar ya zauna ya saba tukuna.

Matsala ta uku ita ce, ƙarfen zubi ba abu ɗaya ba ne a ciki. A gaurayen alminiyum da silikon akwai tsakuwoyin silikon warwatse, kuma silikon yana takurewa da kashi 2.6 kacal cikin miliyan a kowane digiri, inda alminiyum ke yin 23. Da an huce, alminiyum ya shaƙe kowace tsakuwa: ita tana cikin matsi, shi yana cikin ja, ko da kayan gaba ɗaya ba ya ɗauke da komai. Wanda ya auna sahun alminiyum kaɗai ya gwada da garin alminiyum zalla zai ga ja a ko'ina. A nan gutsuren da aka yanko daga jikin kayan yana da amfani biyu, don yana riƙe da wannan ƙaramar ja-in-jar, idan aka debe sai ta fita daga lissafi. Baƙin ƙarfen zubi, irin na gidan injin niƙa da tsofaffin kekunan ɗinki, ya fi haka rikici. Yana ɗauke da kabon kashi 2 zuwa 4 cikin ɗari, yawancinsa a matsayin ɓawon girafayit mai laushi da ba ya ɗaukar kaya. Niyutiron sahun ƙarfen yake gani, mai tauri sama da gigafaskal 200, alhali dunƙulen kayan taurinsa yakan tsaya wajen rabin haka. Ka ɗauki lambar da ba ita ba wajen juya miƙewa zuwa ja, amsarka ta ninka ko ta rabe.

Ko a ƙwaya ɗaya ta baƙin ƙarfe tauri ya danganta da fuska: kimanin gigafaskal 130 ta gefen murabba'in zarra, kimanin 280 ta kusurwa zuwa kusurwa. Alminiyum ya fi sauƙin kai, tsakanin 63 da 76 yake. Dalilin ke nan da aka fi son sahun da ake wa lamba 211 a baƙin ƙarfe da 311 a alminiyum, don su ne halinsu ya fi kusa da na dunƙulen ƙarfen, musamman bayan ya ɗan lanƙwasa. Mai manyan ƙwayoyi kuwa wani lokaci ba shi da zaɓi, sahun da ya hasko shi zai ɗauka.

Sauran kurakuran na aikin hannu ne. Idan gurbin awo ya leƙa waje, rabinsa a ƙarfe rabinsa a iska, tsakiyar hasken ta goce kamar yadda ƙwaya ɗaya ke gotar da ita, a samu miƙewar ƙarya ta ɗaruruwan kashi cikin miliyan a daidai bakin fata, inda tsaga ke farawa. Ana rage wannan ta hanyar juya kayan digiri 180 a sake aunawa a raba biyu. Zubi kuma yana da fatar da ba a gani, wato kofofin iska da ramukan takurewa a ciki, don alminiyum yana rasa kashi 6 zuwa 7 cikin ɗari na girmansa yayin daskarewa. Gurbin da ya faɗa kan irin wannan rami daidai yake da wanda ya leƙa waje. Shi ya sa mai hankali yakan fara ɗaukar hoton cikin kayan. Sannan fatar zubin yashi ba ta da santsi, kayan ba ya bin zanen injiniya sak, don haka sanin inda gurbin yake zuwa kashi ɗaya cikin goma na milimita aiki ne mai zaman kansa.

Masu wannan fanni ba su ɓoye wa kansu matsalar ba, wannan kam a yaba musu. A shekarun 1990, ƙarƙashin shirin VAMAS na haɗin gwiwar ƙasashe kan daidaita hanyoyin awo, an zagaya da zoben alminiyum da aka cusa wa toshe a cibiyoyi da dama, kowa ya auna nasa a gwada. An zaɓe shi ne don ana iya lissafa amsarsa da alƙalami, kuma ƙwayoyinsa ƙanana ne. Daga wannan aiki aka samu ƙa'idar awo ta duniya mai lamba ISO 21432, wadda ta fara fitowa a 2005 ta zama cikakkiya a 2019. Daga baya ƙungiyar masu bincike ta Turai mai suna NeT ta yi irin wannan zagaye da farantan ƙarfe marar tsatsa da aka yi wa walda. Walda kuwa ƙaramin zubi ne, ruwan ƙarfe ne ya daskare da manyan ƙwayoyi. Abin da ya fito shi ne bambancin da ke tsakanin cibiyoyi ya zarce kuskuren da kowace ta rubuta wa kanta, kuma girman ƙwaya da tazarar asali suna cikin manyan dalilai.

Wani zai ce, mu ina ruwanmu? Injin nukiliya na bincike mafi kusa da mu shi ne NIRR-1 na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, wanda ya fara aiki a 2004 da ƙarfin kilowat 30 kacal, an yi shi don gano sinadaran da ke cikin abu. Na Girenobul, wanda ke ba SALSA niyutiron, megawat 58 ne, kusan ninki 2,000. Ba wanda zai auna ja-in-ja da niyutiron a yankin nan gobe ko jibi. Amma muna zaune ne a kan kayan zubi: injinan dam ɗin Lagdo da aka kafa da ƙarfin megawat 72 tun farkon shekarun 1980, famfuna da bawul-bawul na bututun mai mai tsawon kilomita 1,070 daga Doba zuwa Kiribi, injinan gurzar auduga, kan injin kowane babur da ke yawo a Yelwa. Masu ƙera irin waɗannan kaya suna gwada lissafin kwamfutarsu ne da sakamakon awo, na niyutiron na ciki, kuma yaranmu da ke fitowa daga Jami'ar Ngawundare da ta Marwa su ne za su riƙa karɓar takardun. Ina gaya wa nawa ɗaliban cewa idan takarda ta zo da lamba da ɗan kuskure a gefenta, su tambayi daga ina aka yanko mudun, ƙwayar ƙarfen nawa ce, an rausaya kayan ko ba a rausaya ba. Sannan su yi gwajin da ba ya cin ko sefa ɗaya: idan an auna faɗin kayan daga gefe zuwa gefe, ja da matsi dole su cinye juna. In zanen ya nuna ja tun daga farko har ƙarshe, ba ƙarfen ne ya saɓa wa ƙa'ida ba, mudun ne.

Na taɓa zama na yi tunanin yadda za a yi da tukunyar Baba a Girenobul. Ta fuskar sinadarai ba ta da dama: jikin gwangwanin lemo manganis da ɗan maganiziyam ne, murfinsa maganiziyam ya haura kashi 4 cikin ɗari, fistin kuma silikon wajen kashi 12, kuma kowace narka da abin da yara suka tsinto ranar. Ba littafin da ke da tazararta ta asali, ba ta da tagwaye. Amma tana da abu ɗaya da gidan injin mota ba shi da shi. Bangonta ba kauri, kuma a bango irin wannan ja ta fuskar kaurin kusan sifiri ne, don ba abin da ke riƙe fatar ciki da ta waje. Idan an auna fuska ukun, sai a juya lissafin a nemo tazarar da za ta mai da wannan fuskar sifiri, a samu mudun kowane gurbi daga jikin tukunyar kanta ba tare da an yanka ta ba. A gindin hannun ne kawai dabarar ba za ta yi ba, don nan ne kaurin yake, kuma nan ne ta tsage.

Da na koma bayan kwana biyu na tambaye shi tukunyar, ya ce tun ranar ta koma wuta, ya ƙara mata gwangwani rabin buhu, ta fito ƙananan tukwane uku. Sabuwar ta bikin kuwa ya rage wa hannunta kauri, ya kuma hana yaron tone ta daga yashi sai bayan la'asar.